Rigar rawaya da tukunyar kashe gobara: Wa ke auna horon masu gadin kasuwannin Duwala?

Duk ɗan kasuwar da ya saba gangarowa Duwala saro kaya, ko daga Kuseri yake ko Garwa-Bulai ko Mubi ko Gamboru, ya san cewa akwai dare ɗaya ko biyu da dukiyarsa kan kwana a hannun mutumin da bai san ko sunansa ba. Ka gama ciniki a Kasuwar Kongo ko Mboppi ko Dakar, an ɗaure diloli an jibge a sito ana jiran babbar mota ko jirgin ƙasan Ngaundare, kai kuwa ka wuce masaukinka a New Bell ka miƙe ƙafa. Daga wannan lokaci har zuwa asuba, jarin da ka shekara goma kana tarawa yana ƙarƙashin kulawar wani bawan Allah mai rigar rawaya, wanda ke zaune a kan benci da kulki da tocila da usur. To abin tambaya a nan shi ne, me aka koya wa wannan mutum kafin a sa masa rigar, kuma wa ya gwada shi har ya tabbatar da cewa ya iya abin da aka koya masa?

Dalilin ɗauko wannan magana shi ne yadda kamfanonin gadi ke shiga kasuwanni suna neman kwangila daga ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu sito, kowanne da jakar takardu a hammata. Da ka tambayi ingancin ma'aikatansu sai a zaro maka takardar lasisi mai tambarin gwamnati, a ɗora maka satifiket ɗin horo a kai, shi ke nan magana ta ƙare. Mu kuma, musamman waɗanda Faransancinmu bai wuce na ciniki ba, da mun ga hatimi sai mu saki jiki. Ra'ayina shi ne wannan lasisi shaida ce a kan kamfani, ba ta ce komai ba game da mutumin da aka ajiye a ƙofar shagonka. Muddin kuwa ba a samu wani na dabam da zai riƙa gwada masu gadin nan a aikace ba, to mai biyan kuɗin gadi shi ya wajaba ya yi gwajin da kansa.

Bari mu fara da abin da doka ta tanada, domin kada a ce hukuma ba ta yi komai ba. A Kamaru dokar da ke kula da aikin gadi mai zaman kansa ita ce mai lamba 97/021 ta ranar 10 ga Satumba, 1997. An yi mata gyara a Disambar 2014, sannan a Satumbar 2015 aka fitar da dokar zartar da ita. Ma'aikatar kula da mulkin cikin gida, wadda aka fi sani da MINAT, ita ke sa ido a kan kamfanonin, amma amincewar ƙarshe daga fadar shugaban ƙasa take fitowa. An hana masu gadin riƙe bindiga, an kuma ware musu tufafi masu launin rawaya domin kada a ruɗa su da 'yan sanda ko jandarmomi ko sojoji. A shekarar 2016, zamanin da Rene Emmanuel Sadi ke riƙe da ma'aikatar, kamfanoni tara ne kacal aka bayyana cewa suna da wannan amincewa a duk faɗin ƙasar, alhali kuwa duk wanda ya zaga Duwala a lokacin ya san cewa sunayen da ke rubuce a bayan rigunan masu gadi sun ninka haka nesa ba kusa ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa tsakanin abin da ke rubuce da abin da ke ƙasa akwai tafiya.

Ga 'yan'uwa da ke ɗaya ɓangaren na iyaka, labarin kusan ɗaya ne. A Nijeriya dokar kamfanonin gadi ta 1986 ita ma ta hana su bindiga, ta kuma ce ba a horar da ma'aikata sai da manhajar da minista ya amince da ita. Tun gyaran dokar 2007 hukumar Sibil Difens ce ke ba su lasisi tana sa musu ido, har ma tana da kwalejin koyar da harkar tsaro a Abeokuta. A takarda dai komai ya ji. Amma mai sito a Mubi ko Jibiya ko Illela ya faɗa mana gaskiya, yaushe rabon da ya ga wani jami'i ya zo da dare ya tambayi maigadinsa abin da ya iya?

Inda gizo ke saƙar shi ne a mafi yawan lokuta kamfanin da zai ɗauki mutum aiki shi ne mai horar da shi, shi ne mai yi masa jarrabawa, shi ne mai buga masa satifiket, kuma shi ne mai sayar maka da aikinsa. Babu malamin da zai kayar da ɗalibin da yake jiran ya kai kasuwa gobe ya karɓi kuɗi a kansa. Ban ce duk kamfanonin haka suke ba, akwai manya masu filin horo da malamai tsofaffin sojoji, waɗanda ke gadin bankuna da ofisoshin jakadanci da manyan masana'antu a Bonanjo da Akwa da Basa. Sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfin ƙungiyar 'yan gwanjo a Dakar ko layin masu atamfa a Kongo. Abin da ke isowa gare mu shi ne ƙananan kamfanoni masu ofis ɗaki ɗaya, inda horon yakan taƙaita ga 'yan kwanaki na fareti, da ƙamewa a sara wa maigida, da buɗe ƙofa da rufewa, da rubuta lambar mota a littafi. Wannan horo ne na ƙofar ofis. Kasuwa kuwa wata duniya ce dabam, mai lunguna da rumfunan katako da wayoyin lantarki a harɗe kamar saƙar gizo, da tukwanen gas na masu abinci, da janareta da jarkar fetur a bayan kusan kowane shago.

A nan nake so mu tsaya, domin a ganina babban ma'aunin horon maigadin kasuwa shi ne wuta, ɓarawo ma yana bayanta. Ɓarawo komai ƙarfinsa shago ɗaya ko biyu zai fasa, ya ɗauki abin da zai iya ɗauka. Wuta kuwa ba ta barin ko allura. Babbar Kasuwar Duwala ta ƙone a Disambar 2009. Kasuwar Kongo, inda 'yan'uwanmu da yawa ke sana'ar yadi da ɗinki, ta ƙone a Yulin 2012, ɗaruruwan shaguna suka zama toka, ta sake kamawa a Fabrairun 2019. A Kano ba a manta da gobarar Kasuwar Sabon Gari ta Maris 2016 ba, wadda ta cinye dubban shaguna. Babbar Kasuwar Sakkwato ta kama a Janairun 2021, ta Katsina ta biyo baya a Maris na shekarar ta 2021. Irin wannan gobara ta fi tashi da dare ko da sassafe, lokacin da babu kowa a ciki sai maigadi. Ke nan shi ne mutum na farko da zai ga hayaƙi, kuma abin da ya yi ko ya kasa yi cikin minti biyar na farko shi ke raba tsakanin rumfa ɗaya da ta babbake da layi guda da ya tafi.

To me ya kamata ya sani? Abubuwa ne da ba su buƙatar karatun boko mai zurfi. Ya san inda babban makunnin wutar layinsa yake, kuma mabuɗin wurin yana hannunsa, domin wutar da ta tashi daga waya ba a tunkararta sai an yanke lantarki. Ya san cewa watsa ruwa a kan wayar da ke da wuta yana iya kashe mai watsawar, kuma zuba ruwa a kan fetur ko man gyaɗa da ya kama yana yaɗa wutar ne. Ya san bambancin tukunyar kashe gobara mai gari da mai iska, ya iya duba allurar da ke nuna ko tana da ƙarfi ko ta sace, ya iya zare ƙusarta, ya nufi gindin wutar maimakon harshenta. Ya kuma san cewa ƙaramar tukunyar nan da ake ratayewa a bango ba ta kai rabin minti tana feshi, don haka wanda ya ɓata ta a iska ya yi asara ke nan. Sannan ya haddace cewa a Kamaru 118 ce lambar 'yan kwana-kwana, 117 ta 'yan sanda, 113 ta jandarma, kuma idan ya kira ya iya kwatanta ƙofar da mota za ta shigo da Faransancin da za a gane. Duk wannan ana iya koyar da shi cikin kwana biyu. Amma sai an kunna wuta ta gaske a fili an miƙa wa mutum tukunya ya kashe da hannunsa, domin wanda bai taɓa jin zafin wuta a fuskarsa yana riƙe da tukunya ba, ranar da ta tashi jefar da ita zai yi ya ruga. Ciko tukunya kuwa kuɗi ne, shi ya sa ƙananan kamfanoni suka fi son nuna ta a kan tebur a yi bayani da baki.

Jama'a, ku gwada wannan da kanku. Yau da yamma kafin ka rufe shago, kira maigadin layinku cikin mutunci, ka nuna masa tukunyar da ke rataye ka ce ya nuna maka yadda ake buɗe ta. Ka tambaye shi inda ake yanke wutar layin. Abin da za ka ji ya fi kowane satifiket gaya maka gaskiya. Idan ya kasa kada ka zage shi, ba laifinsa ba ne, ba a koya masa ba. Kuma kafin mu ɗora wa kamfanoni duka laifin, mu tuna cewa mu ne muke shimfiɗa tebura a hanyar da motar kwana-kwana za ta bi, mu ne muke kiran yaro ya jona mana wuta ta bayan mita, kuma a layuka da yawa tukunyar ma babu ita, ko tana nan amma rabon da a cika ta tun ranar da aka saye ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ma'auni na biyu shi ne abin da maigadi zai yi bayan ya kama mutum. Da yawa daga cikinsu, da ma wasu daga cikinmu, suna ɗauka cewa rigar rawaya ta ba shi wani iko irin na ɗan sanda. Ba ta ba shi ba. Dokar bin kadin laifuka ta Kamaru ta 2005 ta bai wa kowane mutum damar kama wanda ya gani yana cikin aikata laifi, to ikon maigadi bai wuce wannan ba: ya riƙe, ya miƙa wa hukuma. Ba shi da hurumin duka, ko kulle mutum a sito har gari ya waye, ko tilasta masa ya amsa laifi, ko yanke masa tara. A gari irin Duwala, inda ihun ɓarawo kaɗai ya isa ya tara jama'a da sanduna da duwatsu da tayar mota cikin ƙiftawar ido, maigadin da aka horar da gaske shi ne wanda ya san yadda zai tsare ran wanda ya kama har jandarmomi su iso. Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin wanda ya fi saurin faɗawa cikin irin wannan tsautsayi shi ne baƙo, yaron da ya sauko daga Arewa jiya yana dako, ba ya jin Faransanci ba ya jin Turancin buroka, maigidansa ya aike shi ɗauko kaya da magariba. Kafin ya iya bayanin kansa an gama da shi. In kuwa aka yi kisa a layinku, wanda ya ɗauki maigadin da shugabannin ƙungiya su ne za su yi ta safa da marwa a ofishin 'yan sanda. Ina so in san darasi nawa ake warewa a kan wannan a cikin horon da ake buga wa satifiket, domin shi ne ɓangaren da ba a iya koyarwa da fareti.

Akwai kuma iyakar abin da ya kamata mu sa rai daga gare shi. A tarzomar Fabrairun 2008, da rikicin da ya biyo bayan zaɓen Oktoban 2025, an fasa shaguna a Duwala, kuma babu mai hankalin da zai ce mutum ɗaya da kulki ya tare taron jama'a. Horo nagari yana koya wa maigadi lokacin da zai ja da baya ya kira hukuma ya sanar da masu kaya, domin dila ba ta kai ransa ba.

Sai batun sandar nan mai ƙara da ake shafa wa mutane a ƙofa. Tun bayan hare-haren ƙunar baƙin wake da aka kai babbar kasuwar Marwa da unguwar Barmare a Yulin 2015, da wanda aka kai kasuwar Bodo a Janairun 2016, wannan sanda ta bazu a ƙofofin kasuwanni da masallatai da tashoshin mota, tun daga Kuseri har bakin teku. An sayi sandunan, amma an koya wa masu riƙe su abin da za su yi idan ta yi ƙara? Kowa ya sha ganin ana shafa wa mutum ita, ta yi kuka, a ce masa wuce. Wani lokacin ma babu batir a ciki. Kada kuma mu ɗauka wannan ciwon ƙasashenmu ne kaɗai. A Ingila, ƙasar da maigadin kamfanin gadi sai da katin lasisi na kansa, an kai harin bam a wani babban ɗakin taro a Manchesta a Mayun 2017, mutum 22 suka mutu. Binciken da aka fitar a 2021 ya nuna cewa kimanin minti goma sha biyar kafin tashin bam ɗin, wani mutum ya gaya wa ɗaya daga cikin matasan da ke tsaron wurin cewa bai yarda da wani mai babbar jaka a baya ba, amma saƙon bai kai ga masu iya ɗaukar mataki ba. Ga riga, ga na'urar magana, amma ba a cusa musu abu ɗaya da ya fi komai ba, wato idan ka ga abin da bai kwanta maka ba, wa za ka gaya wa, ta wace hanya, kuma in hanyar ta toshe me za ka yi. Idan haka ta faru a can, ina ga ƙofar Kasuwar Dakar ranar da ta cika ta batse?

To amma ko an yi horon da ya fi kowane kyau, akwai abin da ke warware shi cikin wata uku, shi ne albashi. Tun Maris 2023 mafi ƙarancin albashi a kamfanoni masu zaman kansu na Kamaru, in ban da na aikin gona, sefa 60,000 ne a wata, wato jaka sittin. Yanzu mu yi lissafi irin namu na 'yan kasuwa. Alal misali kamfani ya zo ya ce zai ba ku maigadi a kan jaka saba'in a wata, ku kuma kuna murna kun samu sauƙi. A cikin jaka goman da ta rage ne zai biya masa kuɗin asusun fansho na CNPS, ya ɗinka masa riga, ya biya wanda zai canje shi ranar hutu, ya biya mai zagayen duba su, ya biya haraji da hayar ofis, sannan ya ci riba? Lissafin ba ya fita. Abin da ke faruwa shi ne ana yanke albashin, ana jinkirta shi, horo kuwa shi ake fara jefarwa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Maigadin da ke tsayuwar awa goma sha biyu a kan abin da bai isa hayar ɗaki da abinci ba, dole da rana ya hau bensikin yana ɗaukar fasinja ko ya yi dako, da dare kuma ya zo ya rama barcinsa a ƙofar sitonka. Wanda ya fi ƙwazo a cikinsu da ya samu wata hanya zai ajiye rigar, a miƙa ta ga wani sabo da ko 'yan kwanakin faretin bai yi ba. Satifiket ɗin da aka nuna muku ranar sa hannu na mutumin da ya tafi ne. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma mu da muke taya gadi kamar muna taya buhun albasa muna da kaso a cikin wannan.

Kada kuma zancen lasisi ya sa mu raina abin da muka gada. Tun zamanin fatauci, ayari ba ya tashi sai da masu tsaronsa, zango ba ya kwana sai da mai ido. A New Bell, unguwar da ta samo asali tun ƙarshen mulkin Jamusawa ta kuma zama masaukin baƙi, ciki har da Hausawa, an daɗe ana damƙa gadi a hannun dattijon da mai unguwa ya sani, wanda aka san gidansa da iyalinsa. A Kano da Katsina da Maraɗi kowa ya san Buzaye masu gadi da rawani da takobi, waɗanda suka yawaita bayan farin shekarun 1970, kuma aka shaide su da amana. Irin waɗannan mutane suna da abin da babu makarantar da ke koyarwa. Sun san fuskar kowane mai shago da yaransa, sun san wanda ke da izinin buɗe wane sito, sun san baƙon ido tun daga nesa, kuma akwai wanda ya tsaya musu. Abin da ba su sani ba shi ne tukunyar kashe gobara da iyakar doka da lambar waya. Duk tsarin lasisin da zai kori wannan dattijo don bai iya cika takarda da Faransanci ba, ya kawo saurayin da ya iya rubutu amma bai san kowa a layin ba, to an sayar da kare ne an sayi biri. Abin da ya dace shi ne a kai masa horon inda yake, da harshen da yake ji, Hausa ne ko Fulatanci ko Turancin buroka, a gwada shi da hannu da baki.

Na san wani zai ce ai wannan aikin gwamnati ne, ita ta ba da lasisi, ita ya kamata ta bi sawu. Gaskiya ne, kuma akwai inda ake yin hakan. A Faransa, wadda Kamaru ta kwaikwayi yawancin dokokinta, mutum ba ya gadi sai ya yi horon awa 175, ya ci jarrabawa, an binciki tarihinsa, sannan wata hukuma ta musamman mai suna CNAPS ta ba shi kati da sunansa, wanda ke ƙarewa bayan shekara biyar, kuma ba a sabunta shi sai an koma an ƙaro horo. Abin koyi a nan shi ne katin na mutum ne, yana bin sa duk kamfanin da ya koma, kuma ba maigidansa ne ke ba shi ba. Ina goyon bayan a kai ga haka a Kamaru da Nijeriya da Nijar. Sai dai wani kuma zai ce, kuma yana da hujja, duk sabuwar takardar da aka ƙirƙiro a ƙasashenmu sabuwar kafar karɓar na goro ce, mu da muke bin hanyar Duwala zuwa Kuseri mun san yawan shingayen da ke kanta da abin da ake nema a kowanne. Idan aka ce kowane maigadi sai da kati, ba mamaki a wayi gari ana sayar da katin a bayan ofis, talaka ya ƙara biya, wuta kuma ta ci gaba da ci. Shi ya sa nake ganin ƙara yawan takardu ba zai kai mu ko'ina ba. Gwajin da ake yi a bainar jama'a, a gaban masu dukiyar, shi ne wanda ba a iya sayensa, domin wuta ko dai ta mutu ko ba ta mutu ba, kowa yana kallo.

Kuma ba sai mun jira an yi sabuwar doka ba. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Dakar da Kongo da Nkololun, da takwarorinsu na kasuwannin kan iyaka, suna karɓar kuɗin gadi daga kowane shago duk mako ko duk wata. A cikin wannan kuɗi ana iya ware abin da zai cika tukwane huɗu ko biyar sau biyu a shekara, a rubuta wa 'yan kwana-kwana takarda a roƙe su su turo mutum ya koyar ya kuma yi alƙalanci, a samu fili a bayan kasuwa ranar da ba a cika ciniki ba, a kunna wuta a cikin rabin ganga, kowane maigadi ya zo ya kashe. Na kamfani da na gargajiya duk a jera su layi ɗaya. A gayyato wani jami'i daga ofishin 'yan sanda na yankin ya yi musu bayanin iyakar ikonsu, a sa mai fassara. Kuɗin da wannan zai ci bai kai na dila ɗaya ta atamfa ba.

Idan kuma aka zo sa hannu da kamfani, bayan an ga lasisinsa an tabbatar sunan da ke jiki shi ne na kamfanin da ke gabanku ba na aro ba, sai a nemi a rubuta a cikin yarjejeniya nawa ne zai shiga aljihun maigadin da kansa da ranar da za a biya shi, da wanda zai ɗauki asara idan aka yi sata ko gobara saboda sakaci. A rubuta sunayen mutanen da aka gwada a gabanku, a liƙa hotunansu a ofishin ƙungiya, ta yadda baƙon da ya zo daga Garwa-Bulai ya ajiye kayansa na dare ɗaya zai iya dubawa ya ga ko wanda ke kan benci yana cikinsu. Ranar da kamfani ya canja ɗaya daga cikinsu da wata sabuwar fuska, kada a bari ya kwana a layin sai an nuna masa makunnin wuta, an miƙa masa tukunya ya buɗe a gaban shugaban layi.